Matsalar allon kwamfuta a Linux: abin da ake dubawa kafin a kai wa mai gyara

Unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, amma an fi saninta da babban masallaci, da teloli, da masu tsire, da Hausawan da suka daɗe da zama a cikinta. A tsakanin shagunan yadi akwai ƙananan shagunan buga takardu da fotokofi, inda ɗalibi ke zuwa ya cike takardar jarrabawar shiga aiki, ɗan kasuwa kuma ya sa a buga masa rasit. Akasarin kwamfutocin irin waɗannan shaguna na gwanjo ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai, suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, aka saye su a shagunan brocante ko a titin Avenue Kennedy. Haka lamarin yake a Garwa, da Injamena, da Libreville, da zangon Kumasi.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina sabunta Windows 10 kamar yadda ya saba, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin na'urori. Wannan ya sa wasu ke komawa ga Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, wadda ake samu kyauta kuma kowa ke da damar duba yadda aka rubuta ta. Nau'o'inta da aka fi gani su ne Ubuntu, da Linux Mint, da Debian, sai Emmabuntüs da wasu 'yan sa-kai a Faransa suka shirya musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci.

Duk wanda ya sauya manhaja, da zarar allo ya yi baƙi ko rubutu ya kumbura, sabuwar manhajar yake zargi. Wani lokaci yana da gaskiya. Sau da yawa kuwa laifin na waya ne, ko na ɗan mahaɗin da aka saƙala a bayan na'ura, ko na wuta. Wanda bai bambance ba yana iya sayen sabon allo a banza, ko ya bari a goge masa faifai duka, takardun abokan cinikinsa su tafi, matsalar kuma tana nan.

Tambayar farko: tambarin kamfani ya fito?

Idan aka kunna kwamfuta, tambarin Dell ko HP ko Lenovo ne ke fara bayyana. A wannan lokacin Linux bai ma farka ba. Saboda haka idan tambarin bai fito ba, babu ruwan Linux, a nemi matsalar a jikin kayan. Idan ya fito sannan allon ya yi duhu daga baya, to waya da allo suna aiki, a koma kan manhaja. Wannan tambaya ɗaya ta raba aikin gida biyu.

Idan babu tambari, allon kansa yakan faɗi abin da ke damunsa. Saƙon "Pas de signal" yana nufin allon yana da wuta amma babu abin da ke iso masa. A duba ko an zaɓi mashigar da ta dace a madannan allon, domin allo mai VGA da HDMI yana iya tsayawa yana jira a ƙofar da ba kowa. A duba kuma inda aka soka wayar a bayan na'ura: kwamfutar da aka ƙara mata katin hoto tana da ramuka a wuri biyu, na sama kusa da ramukan USB, da na ƙasa a jikin katin. Galibi na ƙasan ne ke aiki. Tsofaffin na'urorin ofis irin su Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre suna da ramin DisplayPort mai kama da HDMI sosai, kuma an sha lalata rami wajen tura masa wayar da ba tasa ba.

In an tabbatar da waya, fanka na juyawa amma allo shiru, ko na'urar tana ƙara tana maimaitawa, sai a kashe, a zare wuta, a cire sandunan RAM a share bakinsu a mayar. Yawunde gari ne mai damina biyu a shekara, laima da jar ƙura suna taruwa a bakin sandunan. A laftof kuwa akwai gwajin tocila: a kunna ta a haska fuskar allon daga kusa. Idan ana hango hoto dishi-dishi, hoton yana nan, fitilar bayan allon ce ta mutu, kuma wannan aikin mai gyara ne. Allon tebur da sai ya yi ta ƙyafta ido na wasu mintuna kafin ya kama, yawanci kayan wutar cikinsa ne suka gaji, abin da ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi ke gaggautawa. Na'urar daidaita wuta ko onduleur ta fi sabon allo araha. Kada wanda ba gwani ba ya buɗe allo, domin akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket.

Launi ya sauya

Wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma har yau ita ce ta fi yawa a shaguna. Allurai uku na farko su ke ɗauke da launuka: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Idan allon ya koma rawaya, shuɗi ne bai iso ba. Idan ya koma ruwan hoda, kore ne ya yanke. Idan ya koma shuɗi-shuɗi mai haske, ja ne ya ɓata. A zare wayar a duba ko wata allura ta lanƙwashe, a mayar a ɗaure kusoshin nan biyu da mutane ke raina wa. Hoton da ya karkace gefe ko rubutun da ke rawa a VGA, madannin "Auto" na jikin allon yakan daidaita shi.

Rawayar da ke zuwa da magariba kawai ta tafi da safe ba lalacewa ba ce. Tsarin "Mode nuit" ne da ke rage shuɗin haske da dare, ana kashe shi a Paramètres, ƙarƙashin Écrans.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta gane inda zane-zane ko ɗigo-ɗigo ke fitowa. A ɗauki hoton allo da madannin "Impr écran", a tura shi zuwa wayar hannu. Idan ya fito tsaf a wayar, kwamfutar ta zana hotonta daidai, a hanya ya lalace, wato a waya ko allo. Idan lalacewar ta bi hoton har cikin wayar, katin hoto ne ko manhajar da ke tuƙa shi.

Rubutu ya kumbura, allo ya maƙale a 1024x768

Wannan ita ce matsalar da aka fi ɗora wa Linux, kuma ita ce ta fi cancanta a fahimci tushenta. Kowane allo yana ɗauke da 'yar takardar shaidarsa a cikin wani ƙaramin guntu, ana kiranta EDID. Asalin girmanta bayit 128 ne kacal, amma a ciki akwai sunan allon, da girmansa, da ma'aunan hoton da yake iya nunawa. Da an kunna, kwamfuta takan tambayi allon wannan takarda. A wayar VGA, amsar tana bi ta allura ta 12 da ta 15. Wayoyi masu arha wani lokaci ba a ma haɗa waɗannan allurai a cikinsu ba, ko sun tsinke, ko kuma mahaɗin HDMI zuwa VGA ya haɗiye saƙon. Hoto zai fito, tunda launuka ta wasu allurai suke bi, amma kwamfutar ba ta san da wa take magana ba. Sai Linux ya yi taka-tsantsan ya zaɓi ma'aunin da kusan kowane allo ke ɗauka, 1024x768 ko ƙasa da haka, ya rubuta "Écran inconnu" a wurin suna.

Mai shago zai ce ai da Windows wannan allon lafiya lau yake. Gaskiya ne, domin wasu direbobin Windows suna bari a zaɓi manyan ma'aunai ko ba takardar shaida. Amma magani mafi sauƙi shi ne sauya waya. Ya kamata kowane shago ya ajiye waya ɗaya mai kauri da aka tabbatar tana aiki, don gwaji kawai. A kuma sani cewa mahaɗan HDMI da VGA hanya ɗaya suke bi: wanda aka yi don kwamfuta mai HDMI zuwa allo mai VGA ba ya aiki idan aka juya shi.

Idan waya ba ta samu ba, ko guntun allon ne ya mutu, ana iya gaya wa Linux ma'aunin da hannu. Da farko a buɗe tagar umarni da Ctrl+Alt+T a rubuta:

echo $XDG_SESSION_TYPE

Amsar za ta zama x11 ko wayland. Waɗannan su ne hanyoyi biyu da Linux ke zana hoto a allo. X11 tsoho ne, tun shekarun 1980, kuma shi Linux Mint da tebur na Xfce ke amfani da shi. Wayland sabo ne, Ubuntu ya mayar da shi zaɓin farko tun fitowar 21.04. Bambancin yana da muhimmanci, domin shawarwari da yawa da ake gani a intanet na X11 ne, mai Wayland zai bi su daki-daki bai ga canji ba.

A kan X11, umarnin xrandr shi kaɗai yana nuna sunayen mashigai, kamar VGA-1, HDMI-1, DP-1, ko eDP-1 na allon laftof, da ma'aunan da aka sani. A ce allon mai inci 19 ne, ma'auninsa na asali 1440x900. Ana samun wannan adadi ta neman lambar samfurin da ke manne a bayan allon. Sai a rubuta:

cvt 1440 900 60

Zai fitar da layi mai farawa da Modeline. A kwafe abin da ya biyo bayan kalmar a yi umarni uku:

xrandr --newmode "1440x900_60.00" 106.50 1440 1528 1672 1904 900 903 909 934 -hsync +vsync
xrandr --addmode VGA-1 "1440x900_60.00"
xrandr --output VGA-1 --mode "1440x900_60.00"

Idan hoto ya zauna, a zuba layukan uku a fayil mai suna .xprofile a babban jakar mai amfani, in ba haka ba za su ɓace da an kashe na'ura. Masu allon 1366x768 za su ga cvt ya ba su 1368. Ba kuskure ba ne, yana cike faɗin ne zuwa adadin da 8 ke rabawa, kuma yawancin allo ba sa ƙi. Idan kuwa allon ya yi baƙi ya rubuta "Hors plage", an ba shi abin da ya fi ƙarfinsa. A sake kunna na'urar a gwada ƙaramin ma'auni. Shi ya sa ba a rubuta komai a .xprofile sai an gwada.

A kan Wayland xrandr ba ya sauya komai. Ana buɗe fayil ɗin /etc/default/grub da izinin sudo, a ƙara video=VGA-1:1440x900@60 bayan kalmomin quiet splash, a adana, a rubuta sudo update-grub, a sake kunnawa. A Ubuntu 22.04 da 24.04 akwai wata mafita: a shafin shigar da kalmar sirri, ɗan gargaren da ke kusurwar ƙasa yana ba da zaɓin "Ubuntu sur Xorg".

Tambari ya fito, sannan duhu

A nan ne ake shiga gonar Linux sosai. Abin da aka fara gwadawa shi ne Ctrl+Alt+F3. Idan baƙin shafi mai neman suna da kalmar sirri ya fito, na'urar tana raye, takardu suna nan, sashen zana hoto ne kawai ya faɗi. Bayan an shiga, a fara da:

df -h

Idan layin da ke ƙarewa da alamar / ya nuna 100%, faifai ya cika, kuma wannan kaɗai yana hana tebur buɗewa. Shagon da ke tara hotunan biki da bidiyon abokan ciniki a ƙaramin faifai yana faɗawa wannan rami ba tare da ya sani ba. Umarnin sudo apt clean yana samar da ɗan wuri, sauran sai a kwashe zuwa faifan waje. Idan kuma wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhaja, abin da ba baƙo ba ne ga mazauna Yawunde, sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa aikin da ya tsaya, sannan a bi shi da sudo apt -f install.

Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawar da ta kammala lafiya, wataƙila sabuwar ƙwayar tsarin, wadda Faransawa ke kira noyau, ba ta jitu da katin hoton ba. Linux yana ajiye tsohuwar. Da an kunna na'ura a riƙe Shift, ko a taɓa Esc a na'urorin da ke da UEFI, har jerin GRUB ya fito. A shiga "Options avancées", a zaɓi ƙwayar da ke da ƙaramar lamba.

Daga wannan jeri ne kuma ake yin gwajin nomodeset, wanda ke hana Linux ɗora direban katin hoto da wuri. A danna e, a nemi layin da ke da quiet splash, a rubuta nomodeset a bayansu, a danna F10. Akwai tarko a nan ga duk ƙasashen da ke amfani da Faransanci. GRUB yana ɗaukar allon rubutu a matsayin QWERTY, alhali na Kamaru da Nijar da Chadi da Gabon galibi AZERTY ne. Dukkan haruffan kalmar suna wuri ɗaya a tsarin biyu, ban da m. Wanda ya danna madannin M zai ga alamar ; ta fito. Sai ya danna madannin waƙafi, wanda ke dama da N, sannan m ta fito. Mutane da yawa sun yanke cewa gwajin bai yi aiki ba, alhali kalmar ce ba su rubuta daidai ba.

Nomodeset gwaji ne, ba a zama da shi. Yana buɗe tebur amma da ƙaramin ma'auni, bidiyo na jan ƙafa, allo na biyu ba ya aiki. Wasu masu gyara sukan bar shi dindindin don su sallami abokin ciniki, daga baya shi ne ke zama sabuwar matsala. Duk wanda allonsa ya maƙale a ƙaramin ma'auni bayan an dawo da na'urarsa daga gyara, ya rubuta cat /proc/cmdline ya ga ko kalmar tana ciki.

Da tebur ya buɗe, a gano katin da direbansa:

lspci -k | grep -A3 -i vga

Katunan Intel suna aiki da direba i915, na AMD da radeon ko amdgpu, kuma duka suna zuwa ne a cikin Linux, ba a sauke komai. Nvidia ce ke da direba biyu, nouveau na 'yan sa-kai da na kamfanin kansa. Ana zaɓar na kamfanin a "Pilotes additionnels" na Ubuntu ko "Gestionnaire de pilotes" na Linux Mint, a ɗauki wanda aka rubuta an ba da shawararsa. Idan Secure Boot yana kunne, za a nemi kalmar sirri, sannan wani shuɗin shafi ya fito a kunnawa ta gaba. Wanda ya tsallake wannan shafi, direban ba zai hau ba. Tsofaffin katunan da suka dogara da jerin direba 340 ko 390 kamfanin ya daina kula da su, kuma irinsu ne suka cika kwamfutocin gwanjo. A gare su nouveau ya fi kwanciyar hankali. Shagon buga takardu ma ba ya buƙatar katin: idan na'urar tana da ramin hoto na Intel a sama, cire tsohon katin gaba ɗaya yana kashe matsalar, ya rage zafi da cin wuta.

Talabijin da majigi

Wanda ya haɗa kwamfuta da talabijin ta HDMI ya ga gefunan hoto sun yanke, talabijin ɗin ne ke faɗaɗa hoton, al'adar da ta rage daga zamanin tsofaffin tashoshi. A rimot ake gyarawa, a sashen girman hoto: LG na kiransa "Just Scan", Samsung "Screen Fit" ko "Adapter à l'écran". Majigin makaranta ko na taron ƙungiya da ya ƙi nunawa, a fara kunna shi a haɗa waya kafin a kunna laftof. A Ubuntu da Mint, madannin tambarin Windows tare da P yana sauya tsakanin allo ɗaya, allo biyu masu hoto iri ɗaya, da allo biyu a jere. Tebur da ya fito fanko ba gumaka ba komai, sau da yawa yana nufin Linux ya ɗauki talabijin a matsayin allo na biyu, tagogin suna can a ɗaya allon.

Kafin a amince a goge faifai

Sandar USB mai ɗauke da Linux Mint ko Ubuntu tana iya tayar da kwamfuta ba tare da ta taɓa faifan ciki ba. Idan hoto ya fito daidai daga sandar, kayan na'ura lafiya suke, saitin da ke faifai ne ya lalace, kuma ana iya gyara shi. Idan matsalar ta biyo har cikin sandar, sake ɗora manhaja ba zai canza komai ba. Ko ma wanne ne, daga cikin sandar ana buɗe faifan a kwashe takardu zuwa wani wuri kafin kowa ya taɓa shi.

Mai kai na'ura wurin gyara ya tafi da allon da wayar da mahaɗin da yake aiki da su a shago, domin kwamfutar da aka gwada da wayar mai gyara tana iya yin lafiya a can ta dawo ta ci gaba da halinta. Ya kuma ɗauki hoton saƙon da allon ya nuna da wayarsa, tare da abin da umarnin journalctl -b -p err ya fitar, wanda ke jero kurakuran da aka samu tun kunnawar ƙarshe.